Ina so in killace wa jikokina marayu gida, amma an tsorata ni da haraji

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi a nan Gombe, shekaruna 64, matana biyu, 'ya'yana tara a raye. Bara waccan babban ɗana ya rasu a haɗarin mota, ya bar yara uku, babbarsu shekararta 11. Suna gidana tare da uwarsu. Na san idan ta Allah ta kasance a kaina yau, ba su da gado a dukiyata tunda baffanninsu na nan, kuma wannan tunani yana hana ni barci. Ina da gidan haya a Tumfure mai sassa shida, yana kawo wajen naira miliyan uku a shekara. Ɗana da ke aikin banki ya ce in sa gidan a abin da suke kira tiros, wato in damƙa shi amana a rubuce a hannun wani, a riƙa yi wa yaran hidima da kuɗin hayar. Ina so in haɗa da ƙananan 'ya'yana biyu na ɗakin amarya, don su ma ban san ko zan ga girmansu ba. Sharaɗina shi ne ni zan ci gaba da karɓar haya muddin ina raye, kuma in iya fasawa idan na ga ba daidai ba. To sai wani ɗan nawa ya nuna mini a waya cewa kusan rabin kuɗin tiros gwamnati ke kwashewa, kuma wai sabuwar doka ta kawo harajin gado. Tun daga ranar gida ya rabu biyu. Uwargida ta daina sakin fuska, uwar yaran kuma ta ce in bari kada a tsani 'ya'yanta. Mece ce gaskiyar harajin nan, kuma yaya zan yi?

Alhaji M., Gombe

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan ɗanka, ya raya abin da ya bari, ya ba ka ladan wannan rashin barci. Mutumin da ya binne ɗansa na fari, sannan kullum da safe yana ganin kamanninsa a fuskar yara uku suna shirin makaranta, ba wanda zai ga laifinsa don ya nemi ya ajiye musu wani abu da ba za a taɓa ba. Niyyarka mai kyau ce, kuma akwai hanya. Sai dai hanyar ba ta ɗaukar sharaɗin da ka gindaya, kuma a kan wannan sharaɗin zan fi daɗewa, don shi ne ainihin matsalar, ba haraji ba.

Bari mu fara sauke abin da aka nuna maka a waya. Ɗan naka bai yi ƙarya ba, ya dai ɗauko dokar wata ƙasa ce. A Ingila, amanar da aka bar wa amintattu zaɓin wanda za su ba wa tana biyan kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shigarta, kuma suna da harajin gado na kashi 40 cikin ɗari a kan abin da ya haura fam 325,000. A Amurka, da zarar ribar da amana ta riƙe ta wuce wajen dala 16,000 a shekara, ta shiga mataki mafi tsada na kashi 37. Yawancin abin da ke yawo a intanet a kan wannan batu daga can aka rubuto shi. A Najeriya an taɓa yin harajin miƙa dukiya, wato haraji a kan gado da kyauta, daga 1979, aka soke shi a 1996. Hayaniyar da aka yi a Arewa a ƙarshen 2024 kan ƙudurorin haraji ita ta farfaɗo da tsoron, amma dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ba ta ɗora haraji a kan gado ba. Kuɗin da kotu ke karɓa wajen ba da takardar kula da dukiyar mamaci wani abu ne daban, kuma tun da can akwai shi.

Abin da hukumar haraji ke bi a nan shi ne kuɗin da dukiya ke kawowa, ba dukiyar kanta ba. Gidan Tumfure ko yana hannunka, ko yana hannun amintacce, hayarsa kuɗin shiga ce. Tambayar kawai ita ce: kuɗin shigar wa? Tsarin da dokarmu ta daɗe a kai, tun tsohuwar dokar harajin ɗaiɗaikun mutane ta 1993, shi ne amintacce ya tara abin da ya shigo a shekara, ya cire halastattun kuɗaɗen da aka kashe wajen samo shi da kula da amanar, abin da ya rage a raba shi a lissafi tsakanin masu cin moriya. Wanda takarda ta yanka wa kaso tsayayye, wannan kason kuɗin shigarsa ne, a kansa za a auna harajinsa. Wanda amintacce ya ba wa wani abu bisa zaɓinsa, abin da ya karɓa shi ne nasa. Ragowar da ba a danganta ta ga kowa ba, amintaccen ne zai biya harajinta daga cikin kuɗin amanar. Da yake gidan yana Gombe, yaran ma a Gombe suke, hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar Gombe ce abokiyar hulɗarku.

Mu buga lissafi da alƙaluman da ka bayar, a matsayin misali. A ce cikin miliyan ukun nan, gyaran rufi da kwasar shadda da ladan wakilin haya da na amintacce sun ci naira 600,000. Saura 2,400,000. Idan takarda ta ce kowane jika yana da kashi ɗaya cikin uku, kowa ya tashi da 800,000. A sabuwar doka naira 800,000 na farko a kuɗin shigar mutum na shekara ba haraji a kansu. Miliyan biyu da dubu ɗari biyu da ke biye kashi 15 ne, miliyan tara da ke bayansu kashi 18, a haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan hamsin. Ka ga a wannan lissafin yaran, tunda ba su da wata hanyar samu, ba abin da zai hau kansu. Amma idan kuɗin nan naka ne a idon doka, za a ɗora shi ne a kan ribarka ta hatsi. In ribar ta riga ta wuce miliyan uku, matuƙar jimillar ba ta wuce miliyan sha biyu ba, kashi 18 na 2,400,000 naira 432,000 ke nan duk shekara. Wato amanar da aka yi da kyau sauƙi take kawowa, ba nauyi ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Doka ta san mutane za su so su rubuta sunan yara a takarda alhali kuɗin na shiga aljihunsu. Shi ya sa ta ce idan wanda ya kafa amanar ya riƙe ikon fasawa ya mai da dukiyar hannunsa ko na matarsa, ko ya riƙe ikon juya dukiyar yadda ya ga dama, ko yana cin moriyar kuɗin ko da da sunan rance ne, to kuɗin shigar nasa ne, shi zai biya haraji kamar ba a yi komai ba. Sharuɗɗanka biyu, karɓar haya da ikon fasawa, su ne daidai abin da dokar ta ambata. Haka kuma abin da aka biya domin ɗan cikinka ƙarami wanda bai yi aure ba, muddin kana raye, a kanka ake lissafa shi. Don haka sanya 'yan ɗakin amarya ba zai rage maka ko sisi ba. Jika ba ya cikin wannan ƙa'ida, sai dai ka gaya wa lauya ƙarara cewa yaran a gidanka suke, don ma'anar ɗa a dokar ta haɗa da agola da wanda aka ɗauka riƙo bisa doka, kada a rubuta wata kalma da za ta mai da su haka.

Abin da ya sa nake so ka tsaya a nan, Alhaji, shi ne fiƙihunmu ma wannan tambayar yake yi, kuma hukuncinsa ya fi na haraji zafi. Ka tuna abin da muka karanta a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, a zaure: kyauta da sadaka da hubusi (wato wakafi) ba sa cika sai da hauzi, wato wanda aka ba wa ya karɓa ya riƙe, kuma idan mai bayarwa ya rasu kafin a karɓe daga hannunsa, abin ya koma gado. Na taɓa zama a wani rabon gado inda marigayin ya yi shekaru yana faɗa a majalisa cewa shagonsa na bakin titi na marayun ƙaninsa ne. Kowa ya ji da kunnensa. Da aka buɗe gwangwanin da yake ajiye takardu, sai ga rasit ɗin haya na shekara bakwai, duk da sunansa da sa hannunsa, takardar shagon ma ba a taɓa ta ba. Uwar yaran tana zaune daga bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ce uffan ba. Shagon ya shiga rabo. Ba wanda ya zalunce su a shari'a, marigayin ne bai saki ba. Idan ka yi amanar nan kana ci gaba da karɓar haya, ranar da ba ka, duk magajin da ya je kotu yana da hujja mai ƙarfi. Kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa maganar wakafi da kyauta da wasiyya da gadon Musulmi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, saboda haka takardar lauya, komai kyan Turancinta, da ma'aunin fiƙihu za a auna ta.

Zaɓi na farko ke nan: ka saki da gaske, yanzu da kake da lafiya. Mai lafiya yana da ikon bayar da abin da ya so daga dukiyarsa, ba a taƙaita shi ga sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, ba, amma wanda ya bari sai ciwon ajali ya kwantar da shi, kyautarsa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sakin na nufin a canza takardar mallaka zuwa sunan amintattu, da amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, a bi ta GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, a yi rajista, a biya kuɗin hatimi. Wannan kashe kuɗi ne na sau ɗaya, ka sa a lissafa maka shi tun kafin ka yanke shawara. Sannan a rubuta wa 'yan haya cewa daga wata kaza asusun amana za su riƙa biya, kai kuma ka cire hannunka. Ka sani fa ba komowa. Risalar nan dai ta ce ba a janye kyautar da aka yi wa maraya. Don haka ka zauna ka duba abin da zai rage maka: idan kasuwa ta juya, idan farashin masara da wake ya faɗi kana da kaya a sito, idan ciwo ya zo, za ka iya riƙe gida biyu ba tare da hayar Tumfure ba? In amsar ba ta kwanta maka ba, kada ka ba da sassa shida. Ka ba da uku, a fitar musu da takardarsu daban.

Zaɓi na biyu shi ne wasiyya. Tunda jikokin ba magada ba ne, halal ne ka yi musu wasiyya har zuwa sulusin abin da ka bari, iyakar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Wannan shi ya dace da sharuɗɗanka biyu: haya taka ce har ƙarshen rayuwa, kuma kana iya canzawa duk ranar da ka so. Harajin hayar na kanka kamar yadda yake yanzu, kuma idan darajar gidan ta wuce sulusi bayan an biya bashi, abin da ya haura sai magada sun yarda. Wasu ƙasashe, irin Masar tun 1946, sun mai da wa jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa wasiyya ta dole. Kotunanmu ba haka suke hukunci ba, sai abin da ka rubuta ka kafa shaidu. A ganina ka haɗa biyun: wani ɓangare ka saki yanzu don karatunsu da lafiyarsu, wani ka rubuta a wasiyya. Ko da wata shida za a ɗauka ana zirga-zirgar takardun fili, wasiyyar kam ka rubuta ta cikin makon nan.

Maganar ƙananan 'ya'yanka kuwa, ka cire su daga wannan tsari. Su magada ne, ba wasiyya ga magaji, kuma keɓe su da kyauta ban da 'yan'uwansu shi ne abin da Annabi ya ƙi yin shaida a kai lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya zo masa da irin haka. Ina kyautata zaton wannan ne ya ɗaure fuskar uwargida. Yaran nan uku jikokin gidan ne, da wuya ta ƙi su. Abin da ta gani shi ne gida guda zai fita daga gado, kuma biyu cikin biyar na masu cinsa 'yan ɗakin kishiyarta ne. Kowace mace za ta lissafa haka. In kana tsoron ƙananan su tagayyara, ka naɗa musu wasiyyi mai tsoron Allah da zai riƙe musu rabonsu, ka kuma yi musu irin hidimar karatun da ka yi wa yayyensu.

Ɗan da ya kawo maka labarin haraji kada ka ɗauke shi maƙiyin marayu. Mai yiwuwa tsoro ne ya ji bakinsa ya kasa faɗa, sai ya fake da gwamnati. Ka tara su duka, maza da mata, da malamin da suke jin nauyinsa, ka faɗa musu da bakinka abin da ka mallaka, abin da za ka fitar, da dalili. Ma'aunin da na ga yana kwantar da zuciya shi ne a ƙiyasta abin da yayansu zai samu da yana raye, a tsaya kusa da nan. Da wuya ɗan halak ya ce 'ya'yan yayansa ba su cancanci rabon ubansu ba. Ita kuma uwar yaran, da ta ce ka bari, kunya ce da tsoron zaman gida suka sa ta faɗa. Kada ka riƙe ta da wannan magana, kada kuma ka ɗora mata riƙon dukiyar ita kaɗai, ta zama abin nuni. Yarinya ce, tana iya yin wani auren, wannan haƙƙinta ne, kuma bai kamata abincin 'ya'yanta ya rataya a kan zamanta a gidanka ba. A rubuta cewa za a riƙa nuna mata lissafi duk shekara.

Wa zai riƙe? A mazhabarmu kaka ba ya zama mai kula da dukiyar maraya kai tsaye, sai wanda uban ya yi wa wasici ko wanda alƙali ya naɗa, don haka a je gaban alƙali a tabbatar da wanda zai karɓa a madadin yaran. Akwai kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar kula da hannayen jari, suna da tsari kuma ba sa mutuwa, amma suna da lada duk shekara, ka nemi a rubuta maka shi ka auna da miliyan uku. In mutane za ka sa, ka sa biyu, ɗaya daga baffanni ɗaya daga dangin uwa, kuma kuɗi kada ya fita sai da sa hannun dukansu. Ɗanka na banki ya san takarda, amma tunda shi ya kawo shawarar kuma magaji ne, ya fi masa mutunci a haɗa shi da wani.

Takardar ta faɗi kason kowane yaro a fili, mace da namiji, don kyauta ce ba gado ba, kuma kaso tsayayye shi ke sa a lissafa kuɗin a kan yaran maimakon ya taru a kan amintacce. Ta faɗi shekarun da za a miƙa musu gidan, da abin da za a yi in ɗayansu ya rasu. Ta hana sayarwa sai da izinin alƙali, don ranar da aka sayar akwai haraji a kan ribar, wanda a da kashi 10 ne tsaye, yanzu kuma ga ɗaiɗaikun mutane yana bin matakan nan da na lissafa. Amanar ta samu lambarta ta haraji da asusunta na banki, yaran kowa da lambarsa ta NIN, a riƙa kai bayanin shekara kafin ƙarshen Maris ko da ba abin biya. Idan cikin 'yan haya akwai kamfani ko ma'aikatar gwamnati, za su cire kashi 10 na hayar tun daga tushe, sai a karɓi shaidar cirewar da sunan amanar, don da ita ake neman ragi ko mayarwa. Zakka kuma tana nan daram: gidan kansa ba zakka, amma kuɗin marayu da ya taru ya kai nisabi ya shekara, mai riƙo zai fitar.

Ka nemi lauyan da ya saba da harkar filaye da haraji, ka zaunar da shi da malamin a tabarma ɗaya, su karanta wa juna takardar kafin ka sa hannu. Ranar da aka gama, ka ɗauki yaran da uwarsu da baffanninsu ku je Tumfure, ka miƙa makullai da littafin haya a gaban 'yan haya da mai unguwa, a rubuta sunayen shaidu da kwanan wata. Ka rubuto mini yadda zaman iyalin ya kaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya nuna maka auren babbar jikar nan taka.